Hamlet rago ne, ko zama cikin 'yan laɓe ne ya sauya shi?

Wata ɗaliba ta aiko da tambaya kamar haka: "Malam, an ba mu aikin gida a kan wasan Hamlet na William Shakespeare, an ce mu tattauna yadda halin tauraron ya sauya da kuma rawar da leƙen asiri da yaudara suka taka. Ni dai abin da na gani shi ne mutum rago, an ce ya rama kisan ubansa ya tsaya surutu har ƙarshen wasa. Mene ne haɗin laɓe-laɓen da ake ta yi a fadar da halinsa?"

Ƙanwata, wannan karatu da kika yi wa Hamlet ba ke kika fara shi ba, manyan masana sun daɗe suna kiransa mai jan ƙafa. Sai dai ni ban gamsu da shi ba, kuma abubuwan nan biyu da kike gani a rabe, a ganina abu ɗaya ne. Hamlet yana sauyawa ne saboda an sa masa ido, kuma hanyar da ya sauya ita ce ya koyi sana'ar masu sa masa idon, har ya zo ya fi su gwaninta. In kika riƙe wannan zaren, aikinki ya samu ƙashin baya. Sunayen 'yan wasan zan rubuta su yadda bakinmu ke faɗinsu, ke kya gane su a littafinki.

Fara da yadda muka tarar da shi a kashi na ɗaya, fitowa ta biyu. Ubansa ya rasu bai cika wata biyu ba, baffansa Kulodiyas ya hau gadon sarautar Denmak, ya kuma auri uwarsa Gatrud. A nan mai karatu Bahaushe yakan ɗan yi turus, domin a wajenmu ba abin mamaki ba ne mutum ya auri matar ɗan'uwansa bayan rasuwarsa. To amma ko a wajenmu sai ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, Gatrud kuwa cikin wata guda aka ɗaura. A Ingila ta wancan zamani kuma coci na kallon irin wannan aure a matsayin haram, a kan wannan hujja ce ma Sarki Henry na Takwas ya nemi raba aurensa da matar yayansa marigayi. Saboda haka ɓacin ran yaron ba shagwaɓa ba ce. Uwarsa ta tambaye shi me ya sa mutuwar nan take kamar ta fi damunsa fiye da kowa, sai ya kama kalmar "kamar" ya ce shi bai san wani abu wai shi kamar ba, abin da ke fuskarsa shi ne a cikinsa, har ma na cikin ya fi. Ki ja layi a ƙarƙashin wannan. Saurayi ne ɗan jami'a da bai iya ɓoye ciki ba, kuma yana alfahari da hakan. A wannan zaman ne sarki ya yarje wa Layatis, ɗan babban bafadensa, ya koma Faransa, amma ya hana Hamlet komawa makarantarsa ta Witinbag a Jamus, ya ce ya zauna nan inda idonsa zai riƙa ganinsa. Da daɗin baki aka faɗa, amma tsarewa ce.

Kafin kashi na ɗaya ya ƙare fatalwar ubansa ta gaya masa cewa labarin da aka baza, wai maciji ne ya sare shi yana barci a lambu, ƙarya ce, ɗan'uwansa ne ya ɗura masa guba a kunne. Abu na farko da Hamlet ya yi shi ne ya ciro allon rubutunsa ya rubuta cewa mutum na iya yin murmushi ya ƙara, alhali mugu ne. Na biyu, ya shaida wa abokansa cewa daga yanzu zai riƙa yin haukan ƙarya. Wanda ya ce bai san "kamar" ba, a dare ɗaya ya ɗauke ta ta zama rigarsa.

'Yan kallon Landan na wajajen 1600, lokacin da aka rubuta wasan, ba baƙin wannan duniyar ba ne. Sarauniya Elizabeth ta Farko tana da sakatare, Francis Walsingham, wanda ya shimfiɗa 'yan rahoto a gida da waje har ya rasu a 1590. A 1586 mutanensa suka buɗe wa Sarauniya Mary ta Sikotland, wadda ke tsare, wata hanyar aika wasiƙu a ɓoye cikin gangar giya, ita tana ganin ta samu kafa, su kuwa suna karanta kowace takarda kafin ta wuce. Har ƙari suka yi na jabu a ƙasan wata wasiƙarta don su samu sunayen masu shirin kashe Elizabeth. A 1587 aka fille mata kai. Wanda ya rayu a irin wannan gari, in ya ga dattijo ya shige bayan labule a dandamali, ya san abin da yake kallo.

Akwai wata 'yar fitowa da masu shirya wasan sukan yanke don rage tsawo, ni kuwa ita nake fara koyarwa: sashen farko na kashi na biyu, fitowa ta ɗaya. Poloniyas, babban bafaden sarki, kamar waziri ke nan, yana aiken baransa Reinaldo zuwa Faris da kuɗi da takardu ga ɗansa Layatis. Amma ya ce masa kafin ka je wurinsa, ka nemi 'yan Denmak mazauna birnin, ka nuna kamar sama-sama ka san shi, sannan ka ɗan shafa masa kashin kaji, ka ce ai yaron nan yana caca, yana sha, yana faɗa, yana bin mata. Baran ya ce ranka ya daɗe, ai wannan zubar masa da mutunci ne. Dattijon ya ce a'a, in ka iya sa gishirin daidai ba komai, wanda kake magana da shi zai saki baki ya ce ƙwarai kuwa, ni ma na gan shi jiya a wuri kaza. Ƙarya ce za ka maƙala a ƙugiya ka kamo kifin gaskiya. Tsakiyar bayanin ma sai ya manta abin da yake cewa, sai baran ya tuna masa, jama'a su yi dariya. Ba mu sake ganin Reinaldo ba, ba mu ji rahoton da ya kawo ba, hirar tasu ba ta ciyar da labari gaba ko taki ɗaya. Amfaninta shi ne ta nuna mana gidan da uba ke ɓata sunan ɗansa don ya san halinsa, kuma yana ganin hakan hikima ce. Dabarar da ya tsara, a jefa ƙarya a ga abin da zai motsa, ita ce kowa zai yi amfani da ita daga nan har ƙarshe, har da Hamlet.

Sarki ya kira abokan Hamlet na yarinta, Rosenkiranz da Gildenstan, su yi masa bugun ciki. Hamlet ya tarbe su da murna ta gaske, amma hira ba ta yi nisa ba ya ji ƙanshin abin, ya haɗa su da girman abota su gaya masa: aiko ku aka yi ko kuwa? Suka kalli juna, ɗaya ya amsa cewa aiko su aka yi. Abin da nake so ki lura da shi yana fitowa ta gaba. Da suka koma gaban sarki ba su faɗa masa an gano su ba, suka ce ya karɓe su da mutunci, ya kuma amsa tambayoyinsu a sake. Ɗan rahoto yana kare tuwonsa kafin ya kare ubangidansa, don haka mai aike ma ana yi masa ƙarya.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kashi na uku, fitowa ta ɗaya. Poloniyas ya kafe a kan cewa soyayyar 'yarsa Ofiliya ce ta haukata yariman, ya ce zai sakar masa ita, kalmar da ake faɗa wa dabba. Ya miƙa mata littafin addu'a ta riƙe don ta yi kama da mai ibada, shi da sarki suka laɓe. Hamlet ya shigo ya yi shahararren zancen zucinsa a kan rayuwa da mutuwa, ya gan ta, ya yi mata magana a tausashe. Ta ce ga kyaututtukanka na dawo maka da su. Daga nan harshensa ya kaifafa, ya ce ya taɓa son ta, ya ce bai taɓa son ta ba, ya ce ta tafi gidan matan da suka bar duniya don ibada. Sai kwatsam ya tambaye ta: ina mahaifinki? Ta ce yana gida, ranka ya daɗe.

Shakespeare bai rubuta cewa Hamlet ya hango masu laɓen ba. Masu shirya wasa ne suka saba sa labulen ya motsa a daidai nan. Wata shekara da na sa ɗalibaina suka gwada fitowar a aji, mun rataya zanen gado a igiya ya zama labule, wanda ya fito a Poloniyas ya tsaya baya, takalminsa na roba ya leƙo ta ƙasa ba da saninsa ba. Yaron da ke Hamlet ya gani, ya dubi takalmin, ya dubi yarinyar, sannan ya yi tambayar a hankali kamar mai roƙon a gaya masa gaskiya sau ɗaya. Ajin ya yi tsit. Da muka sake yi ba takalmin, tambayar ta fito daban, ta zama ta mutumin da zargi ya riga ya cinye, yana tuhumar wadda bai kama da komai ba. Duk karatun biyu suna tsayawa, kuma kina iya kafa hujja da kowanne. Ita kuwa Ofiliya ba ta da amsa mai kyau: in ta faɗi gaskiya ta tona ubanta da sarki, in ta yi ƙarya ta ci amanar masoyinta. Da Hamlet ya fita ta tsaya tana kukan hankalinsa da ya gushe, ubanta ya fito ya ce ba sai kin maimaita ba, mun ji komai. Ko sannu bai ce mata ba.

Mutum biyu suka laɓe bayan labule ɗaya, suka ji magana ɗaya, suka fito da fassara biyu. Poloniyas ya ce har yanzu dai soyayya ce asalin ciwon. Kulodiyas ya ce wannan ba soyayya ba ce, ba kuma hauka ba ce, akwai abin da yaron nan ke kwanci a kansa kamar kaza a kan ƙwai, a tura shi Ingila. Ya ji Hamlet yana cewa duk masu aure za su rayu ban da mutum ɗaya, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Kowa ya ji abin da ya shiga da shi.

Yanzu Hamlet ya ɗana nasa tarkon. Ya sa 'yan wasan da suka zo fada su nuna labarin wani kisa mai kama da na ubansa, ya ce zai ƙara musu layi goma sha biyu ko goma sha shida na kansa, ya sa amininsa Horeshiyo ya zuba wa fuskar sarki ido. Ƙugiyar Poloniyas ce sak. Sarki ya miƙe ya ce a kawo fitila, taro ya watse, Hamlet ya hau murna. Amma ki karanta da kyau: da mai zuba gubar ya fito, Hamlet da bakinsa ya gabatar da shi a matsayin ɗan ɗan'uwan sarki. Abin da fadawa suka gani shi ne yarima ya shirya wasan da ɗa ke kashe baffansa, a gaban baffan nasa. Kowane sarki zai iya tashi a kan haka ko hannunsa ba jini. Hamlet ya samu tabbacin da ya gamsar da shi da Horeshiyo, bai samu abin da zai kai gaban jama'a ba, ya kuma sanar da maƙiyinsa cewa ya sani.

A nan zan amsa maganar ragwanta. Hamlet ya tarar da sarki a durƙushe yana addu'a, ya zare takobi, ya fasa. Dalilin da ya bayar ba na mai tausayi ba ne: ya ce in na kashe shi yana tuba ai aljanna na aika shi, bari in same shi cikin maye ko cikin wani saɓo. Yana fita sarki ya tashi ya ce maganarsa ta hau sama, zuciyarsa tana ƙasa, addu'ar ba ta yiwu ba, domin har yanzu yana riƙe da sarautar da matar da ya yi kisan dominsu. Hamlet ya ga gwiwa a ƙasa ya ɗauka tuba ce. Ba a jima ba, a ɗakin uwarsa, ya ji murya bayan labule, bai tsaya dubawa ba ya soka takobi yana cewa ɓera, yana fatan sarki ne, ashe Poloniyas ne. Inda ya gani da idonsa ya yi kuskure, inda bai gani ba ya yi kisa. Rago ba ya haka. Matsalarsa ita ce yana zaune a gidan da ba a iya gaskata ido ko kunne, har fatalwar ma yana tsoron ko shaiɗan ne ya zo masa da siffar ubansa.

Shaidar da ta fi ƙarfi a kan sauyin halinsa ba a dandamali ta faru ba, labari ya ba Horeshiyo a kashi na biyar. A jirgin ruwa kan hanyar Ingila ya lallaɓa cikin dare ya ɗauke takardar da abokan nan biyu ke ɗauke da ita, ya buɗe, ya ga umarni ne a sare masa kai nan take, kada ma a tsaya wasa gatari. Ya zauna ya rubuta wata da kyakkyawan hannu irin na magatakarda, ya ce a kashe waɗanda suka kawo ta ba tare da an ba su damar tuba ba, ya buga hatimin ubansa da ke jakarsa, ya mayar. Kashegari 'yan fashin teku suka far musu, ya faɗa jirginsu, abokan nan biyu kuma suka wuce zuwa ajalinsu. Wasan bai nuna mana cewa sun san abin da ke cikin takardar farko ba. Horeshiyo ya ɗan yi jim, Hamlet ya ce su suka kai kansu, abin bai taɓa zuciyarsa ba. Wannan shi ne mutumin da ya tarbe su da murna a kashi na biyu, shi ne kuma wanda ya ce musu shi ba sarewa ba ce da kowa zai busa. Babban kukan fatalwar ubansa shi ne an kashe shi ba a bar shi ya tuba ba, ga ɗansa ya yi wa mutum biyu haka da hatimin uban. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A tsohon labarin da Saxo Grammaticus ya rubuta wajajen shekara ta 1200, inda wasan ya samo asali, duk waɗannan suna nan, macen da aka ɗana, ɗan laɓen da aka kashe, saƙon da aka sauya, amma can jarumtaka ce, yariman ya ci nasara ya zama sarki. Shakespeare ya bar ayyukan yadda suke, ya sa muna jin ɗacinsu.

Kada ki bar Kulodiyas a matsayin mugu kawai, don shi ne gwanin wasan wajen juya mutum, kuma aikinsa a kan Layatis a kashi na huɗu ya isa a yi darasi guda a kai. Saurayin ya ɓalle ƙofar fada da gungun jama'a suna kiran a naɗa shi sarki, takobi a hannu, yana neman jinin ubansa. Sarauniya ta riƙe shi, sarki ya ce sake shi. Bai musa masa ba, bai yi masa tsawa ba, ya bar shi ya zubar da wutar, ya ce zaɓi abokanka masu hankali su yi mana shari'a. Da suka keɓe ya nuna masa cewa ai shi ma Hamlet ransa yake nema. Sai ya koma yabo: wani mahayi ɗan Faransa ya zo nan ya yi ta koɗa iya takobinka, har Hamlet ya kama hassada. Da ya ga ya kumbura, sai ya soke shi da tambaya: anya kana ƙaunar mahaifinka, ko kuwa hoton baƙin ciki ne kai, fuska ba zuciya? Me za ka yi ka nuna kai ɗansa ne a aikace? Layatis ya ce zan yanka shi ko a cikin coci ne. Sarki ya kawo shawarar takobi mai tsini a wasan da ya kamata a yi da dakusassu, yaron da kansa ya ƙara da cewa yana da dafin da zai shafa, sarki ya ce a tanadi ƙoƙon guba ko da wancan ya kuskure. An yi ingiza mai kantu ruwa, mai kantun yana ganin dabararsa ce. Da labarin nutsewar Ofiliya ya zo Layatis ya fita da kuka, sarki ya juya ya ce wa matarsa kin ga wahalar da na sha kafin in kwantar masa da hankali. Ki ajiye Layatis kusa da Hamlet a aikinki: ga ɗan da bai ja ƙafa ba, ya tashi a guje, ya ƙare a matsayin wuƙa a hannun wani.

Hamlet ɗin kashi na biyar ba ya zancen zuci ko sau ɗaya, alhali a baya da shi muka san shi. Ya daina ɗana tarko, ya ce wa Horeshiyo abin da zai zo zai zo, kasancewa a shirye shi ne komai. Wasu na kiran wannan natsuwa da tawakkali, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Ni dai ina ɗan ɗari-ɗari, domin da ya zo neman gafarar Layatis haukarsa ya ɗora wa laifin, haukar da ya gaya wa uwarsa da bakinsa cewa ta dabara ce. Ko ya manta inda rigar ta tsaya da inda fatarsa ta fara, ko kuwa yana ƙarya a gaban fada, ke za ki zaɓa ki kare. Ki kuma duba wane bugu ne a hannunki, don na 1604 da na 1623 sun sha bamban: zancen zucin da ya yi bayan ya ga rundunar Fotimbiras, yariman Norwe, babu shi a na 1623, maganarsa cewa Denmak kurkuku ce babu ita a na 1604.

Sarki ya riga ya gaya wa Layatis cewa Hamlet ba zai duba takubban ba, haka kuwa aka yi, tsawonsu kawai ya tambaya. Gatrud ta ɗauki ƙoƙon da ba nata ba ta sha, takubba suka sauya hannu cikin kokawa, dafin ya shiga jikin wanda ya kawo shi. Kulodiyas bai mutu don wani shiri na Hamlet ba, Layatis ne ya tona shi yana kwance. Gawa huɗu na dandamali jakadun Ingila suka shigo da albishir cewa an cika umarnin sarki, an kashe Rosenkiranz da Gildenstan, suna tambaya wa zai gode musu tunda kunnuwan da ya kamata su ji sun toshe. Horeshiyo ya nuna gawar sarki ya ce ko yana da rai ba zai gode muku ba, bai taɓa ba da wannan umarni ba.